Darasi na Tara: Yadda Mai Lalura Zai Shigar da Sunansa a Rabon Abinci

Idan azumi ya gabato, ko tsada ta matsa, akan ji cewa za a raba shinkafa ko masara a unguwa. Amma kafin buhu ya fito, sai an rubuta sunaye. Galibi mai unguwa ko kansilan mazaɓa ne ke tattara su, a kai ƙaramar hukuma, Dala ce ko Gwale ko Fagge.

Tun a nan ake tsere wa masu lalura. An yi shela da lasifika, kurma bai ji ba. An manna takarda a bango, makaho bai gani ba. Gurgu ya turo kekensa tun da safe, ya tarar teburin rajista yana saman bene.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ce idan ana layi, a fara sallamar mai lalura, in da hali ma a sallame shi a gefe. Don haka in ka je, yi sallama, ka faɗi lalurarka, ka nemi a sauko maka da takardar.

Tafi da lambarka ta NIN, wato lambar katin shaidar ɗan ƙasa. Lambobi 11 ne. In ka manta, danna *346# a layin wayar da ka yi rajistar NIN da shi, za a ciri ɗan kuɗi a nuna maka ita.

Karanta wannan hira:

Ma'aikaci: Sannu Inna. Sunan yaron nan zan rubuta?
Makauniya: A'a ɗan nan, nawa za ka rubuta. Jikana ne, jagora ya yi mini.
Ma'aikaci: To, kawo yatsa ki dangwala.
Makauniya: Karanta mini tukuna in ji.

Inna ta yi daidai, kuma nan ne zuciyar darasin. Wanda sunansa ke takarda shi ake kira ranar rabo. In sunan ɗan jagora ne, ranar da ya tafi kasuwa ko kuka ɓata, rabonka ya bi shi. Haka lambar waya: in saƙon ya faɗa wayar maƙwabci, sai ya ga dama za ka ji. Harafi ɗaya ma in ya kauce, suna ya saɓa da na katin, sai a ce ka dawo gobe, gobe kuwa kuɗin adaidaita ne. Kada ka ji kunyar cewa a maimaita.

Kurma ya je da wanda ya iya maganar hannu, ko ya rubuta buƙatarsa a takarda tun daga gida. Wanda kuturta ta taɓa yatsunsa ya faɗa tun farko, a samo masa shaida. Mai kwance kuwa, ɗan'uwa ya je wajen mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a turo mai rubutu gida." Sarkin makafi da sarkin guragu sun san mutanensu, a sanar da su.

Kada ka ba kowa lambar sirrin katin bankinka, ko ya rantse rajista ce ke buƙata.

Aiki:
1. Rubuta cikakken sunanka yadda yake a katinka.
2. Rubuta lambar wayarka, ka karanta wa na kusa da kai.
3. Me ya sa Inna ta ƙi dangwalawa da farko?