Kurakuran da masu koyon gangar Ailan suka fi yi, da yadda ake gyara su

Wanda ya taɓa ganin bandiri a hannun 'yan Ƙadiriyya, in aka miƙa masa gangar mutanen Ailan ba zai tsaya yana jujjuya ta ba. Siffar kusan ɗaya ce: katako ne aka lanƙwasa ya zama da'ira, aka ɗaura fatar akuya a fuska ɗaya, bayan kuwa a buɗe. A harshensu ana rubuta sunanta bodhrán, amma a baki "bauran" za ka ji suna cewa. Faɗinta yakan kama daga inci 14 zuwa 18. Masana da dama suna ganin asalinta wani faifai ne na fata da manoman can suke sheƙa hatsi da shi. To amma kamar ta tsaya a siffa. Bandiri da tafi da yatsu ake buga shi, bauran kuwa a yau da ɗan sanda ake kaɗa ta, wanda suke kira kipin, ɗaya hannun kuma yana ciki yana dafe da fata ta baya.

Na jima ina kaɗa wannan ganga, na kuma zauna da masu koyo da yawa. Abin da na lura shi ne kusan duk matsalarsu daga wuri biyu take fitowa: ƙarfi da gaggawa.

A riƙon sanda ake fara ɓata abin. Mai koyo yakan damƙe kipin kamar wanda ake shirin ƙwace masa, har ka ga jijiyoyin bayan hannunsa sun tashi. Kafin minti biyar hannun ya sage, sautin kuma ya fito a bushe, kwas-kwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Yadda ake riƙe biro haka ake riƙe shi, wajen tsakiyarsa, tsakanin babban yatsa da manuni, yana kwance a kan ɗan yatsan tsakiya. Daga nan sai ka karyo wuyan hannu ciki, yadda kan sandan na ƙasa zai dubi wajen cikinka. Ga gwajin da nake ba kowa: ka sa wani ya ja sandan daga hannunka ba tare da ya sanar da kai ba. In ya zare cikin sauƙi, riƙon ya yi. In sai da ya yi kokawa da kai, ka matse da yawa. A makon farko sandan zai riƙa suɓucewa yana faɗuwa ƙasa. Kada wannan ya dame ka, alama ce ta cewa hannun ya fara saki, kuma nan gaba yatsun da kansu za su gane iyakar matsin da ake bukata.

Kuskuren da ke biye da wannan ya fi kama mu da muka tashi muna kallon makaɗan kalangu da ganga. Idonmu ya saba da gula tana sauka a kan fata kai tsaye, ta daka ta ɗago. Sai mutum ya ɗauki kipin ya riƙa sarar fata da shi haka, yana ɗaga gwiwar hannu da kafaɗa. Bauran ba a sarar ta. Sandan wucewa yake yi ta gefen fata, ya shafe ta in zai sauka, ya sake shafar ta in zai hau, kamar lilo. Motsin daga juyawar hannu yake fitowa, daga gwiwar hannu zuwa wuyansa, irin juyin da kake yi in ka wanke hannu kana yarfe ruwa, ko mace tana fifita wuta da mafici. Kafaɗa ba ta da aiki a nan ko kaɗan.

Gyaran wannan ba ya bukatar ganga. Ajiye ta gefe, ka riƙe sandan a iska ka yi ta yarfe hannu a hankali, har ka ji nauyin sandan ne yake ɗaukar kansa. Sai ka matso da ganga sannu-sannu har fata ta shigo hanyar sandan. Ka lura da wannan da kyau: gangar ce za ta zo ta sami sanda, hannun bai canza abin da yake yi ba. In kana da madubi ka zauna gabansa. Duk sa'ad da ka ga gwiwar hannunka tana tashi da sauka kamar fiffike, tsaya ka sake farawa.

Zaman gangar kansa ba wuya. A tsaye take zama a kan cinyar hagu, bakinta yana jingine da haƙarƙari, damtse ya ɗan danne ta, fata tana duban dama. Bahago sai ya juya komai. Masu koyo sukan kwantar da ita kamar faranti, ko su bar ta tana rawa a cinya, sai sandan ya riƙa samun fata a wani bugun yana kuskure ta a wani. Kujera marar hannu ta fi, ƙafafu biyu a ƙasa.

Yanzu ga inda aka fi daɗewa ana fama. Bugun ƙasa yana da sauƙi domin nauyin hannu yana taimaka masa. Bugun sama kuwa rarrauna ne a hannun kowane sabon shiga, wani lokaci ma ba a jin sa sam. A kiɗan da suke kira ril, mai ƙidaya huɗu-huɗu, wannan rauni yakan ɓuya, domin nauyin kiɗan a bugun ƙasa yake faɗawa: ƙasa, sama, ƙasa, sama. Ka riƙa faɗin "tat-ta-ba-ra, tat-ta-ba-ra" da baki kana bugawa, kowace gaɓa bugu ɗaya, gaɓar farko ta fi nauyi. Amma da an shiga jig, mai ƙidaya uku-uku sau biyu, asiri ya tonu. Faɗi "dan-ka-li, dan-ka-li". Dankalin farko ƙasa, sama, ƙasa ne. Na biyu dole ya fara da sama: sama, ƙasa, sama. Ke nan nauyi na biyu a kan bugun sama ya faɗa, wato a kan bugun da ba ka da ƙarfinsa. Abin da ke faruwa sai mai koyo ya mayar da nauyin kan bugun ƙasa mafi kusa ba tare da ya sani ba, jig ɗin ya karkace ya koma wani abu da ba ril ba, ba jig ba, masu goge da sarewa su rasa inda za su taka.

Maganinsa guda ne, kuma babu daɗi: ka ware minti biyar kullum kana buga sama kaɗai da ƙarfi, ƙasa a hankali, akasin abin da hannu yake so. Ka saukar da manhajar ƙidayar bugu a waya, ka sa ta a 60 a minti, kada ka ƙara sauri sai ka yi minti biyu cur ba tuntuɓe. Akwai wata hanyar buga jig, ƙasa-sama-ƙasa sannan a sake ƙasa-sama-ƙasa, wadda take sa nauyin biyu duka a bugun ƙasa, kuma manyan makaɗa da yawa ita suke bi. Tana da kyau, za ka koye ta. Amma ni ban yarda mutum ya gudu wurinta don tsoron bugun sama ba, domin raunin yana nan yana jiran sa a gaba.

Sai zancen mirgine, wato 'yan bugu uku masu sauri da ake samu in kan sandan na sama ya taɓa fata tsakanin bugun ƙasa da na sama. Wannan shi ne adon salon da ake dangantawa da yankin Kerry, inda ake aiki da kai biyu na sanda. Kowa shi yake so ya fara yi, domin shi ne ke burge mai kallo. Wanda ya neme shi da ƙarfi a watan farko yakan ɓata riƙonsa gaba ɗaya. In hannu ya saki sosai, wata rana kana cikin bugawa za ka ji kan na sama ya taɓa fata da kansa. Ranar ce ranar fara koyon sa. Haka nan wanda ya ga bidiyon John Joe Kelly yana kiɗa da siririn sanda, kai ɗaya, daga saman fata, ya ce shi ma haka zai fara, ya sani cewa wancan salo ne dabam mai nasa riƙon. Zaɓi ɗaya ka zauna a kansa shekara guda tukuna.

Hannun da ke cikin ganga shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali shi ne muryarta. A nan mai jin Hausa yana da riba, domin ya san yadda makaɗin kalangu yake matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka. Aikin hannun hagu ke nan a bauran. In ka ɗora tafi a fata ka danna, sauti ya tashi sama ya gajarce. In ka sassauta, ya yi ƙasa ya yi kauri. In ka matso da hannun kusa da inda sanda yake bugu, ya ƙara tsini. Kuskure iri biyu ake yi. Wani yakan riƙe sandar giciye da ke cikin wasu gangunan ya bar fata a sake, sai ta yi ta amo, kowane bugu yana hawa kan na bayansa har kunne ya kasa rarrabe su. Wani kuma yakan danne fata da dukan tafinsa daga farko har ƙarshe, ganga ta koma kwali. Fara da gefen tafi, wajen ƙaramin yatsa, a jingine da fata ba dannawa. Koyi sauti biyu kacal, buɗaɗɗe da rufaffe, ka iya sauya su ba tare da hannun dama ya rikice ba. Masu zazzaga hannu sama da ƙasa a kowane bugu suna neman nuna gwaninta, amma abin da ke fita hayaniya ce.

Wani lokacin laifin ba na hannu ba ne, na fata ne. Fatar akuya tana shan danshin iska. A Ailan, ƙasar ruwan sama, takan saki ta yi laɓo-laɓo, in kuma aka shiga ɗaki mai ɗumi ta ɗaure ta riƙa ƙara kamar gwangwani. Gangunan zamani suna da kusoshi a ciki da ake juyawa da yatsa ko da alanki. Ka juya su kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, kana zagayawa, kada ka ɗaure gefe guda ka bar sauran. Wadda ba ta da kusoshi, in ta ɗaure sai ka jiƙa tafinka ka shafa mata ruwa kaɗan, ka ba ta 'yan mintoci. In ta saki, ɗumin tafi ko ɗaki mai ɗumi ya isa; kada a kanga ta a wuta. Wanda ya kawo ta ƙasar Hausa ya yi hattara da hunturu, domin bushewar iskar tana iya ja fata har ta tsage. Sassauta kusoshin bayan kowane kiɗa, a ajiye ta cikin jakarta nesa da rana. Baƙin salatif ɗin masu gyaran wuta da kake gani an zagaya bakin fata da shi ba ado ba ne, rage amon gefe yake yi. Gangunan da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido kuwa, masu zane a fuska da fata mai tauri kamar ƙirgi, na rataya a bango ne. Mai koyo da irinsu zai yi ta zargin hannunsa a banza.

Duk abin da na faɗa a sama ana gyara shi a ɗaki. Wanda ya fi su nauyi sai an shiga cikin mutane yake bayyana, shi ne kaɗa ganga ba tare da sanin waƙar da ake bi ba. A da, an fi jin bauran a waje, ranar 26 ga Disamba, lokacin da samari suke yawo gida-gida cikin shigar ɓad-da-kama suna kiɗa, a al'adar da ake yi da sunan wani ɗan ƙaramin tsuntsu. A can ƙara ita ake so. Wani masanin kiɗan Ailan, Seán Ó Riada, shi ne ya ɗaukaka ta a dandali a shekarun 1960 cikin ƙungiyarsa ta Ceoltóirí Chualann, inda Peadar Mercier yake kaɗa ta, daga nan ta sami wurin zama kusa da goge da sarewa. Wurin zama ne na mai rakiya. A kiɗan Ailan karin waƙa shi ne gaba, shi ne ma yake ɗauke da ƙidayar, ganga tana bin sa tana ƙara masa nauyi. Wannan ya saɓa wa abin da muka saba, inda sau da yawa ganga ce take jan ragama, kuma sai mutum ya karɓi wannan a zuciyarsa kafin hannunsa ya karɓa.

Ranar da na fara zama a irin taron da suke kira seshon, inda makaɗa suke haɗuwa a mashaya ko a zauren ƙungiya su yi kiɗa don kansu, wani dattijo mai sarewa ya sunkuyo ya ce mini in ajiye sanda in saurari zagaye ɗaya tukuna. Na ajiye. A cikin wannan sauraron ne na ji abin da ban taɓa ji ba ina bugawa: waƙar tana da sashe biyu, kowanne awo takwas (awo ɗaya shi ne "tattabara" ko "dankali" sau biyu), ana maimaita kowanne sau biyu, kuma a ƙarshen kowane sashe akwai ɗan wurin da mai sarewa yake jan numfashi. Da can ina bi ta kan wurin nan da bugu kamar babu shi. Tun daga ranar, waƙar da ba zan iya rera ta da baki ba, ba na kaɗa mata ganga.

Don haka ka saurari kiɗan fiye da yadda kake buga shi. Kafin ka ɗaga sanda, tabbatar ko ril ne ko jig, ta hanyar gwada "tattabara" da "dankali" a zuci ka ga wanne ya zauna. In ba ka jin goge a kan gangarka, ka yi ƙara da yawa. In akwai wani mai bauran a wurin, ku yi karɓa-karɓa, ganga biyu a lokaci ɗaya tana dagula kiɗa. In aka fara waƙar nan mai jan rai da ba ta da ƙidaya, wadda mutum ɗaya yake busawa ko ya rera, ɗora gangar a cinya ka naɗe hannu. Kuma ka sa ido a kan wanda ya ɗauko waƙar: in zai sauya zuwa wata yakan ɗaga kai ko ya ce "hop", in zai tsaya yakan ɗan ɗaga ƙafa ko ya dubi sauran. Bugunka na ƙarshe ya sauka tare da nasa sautin na ƙarshe, tafin hagu ya rufe fata nan take don kada amo ya biyo baya.