Darasi na 7: Yadda ake riƙe ruwan tankin kifin ado kada ya yi tsami

Masu ajiye kifin ado a tankin gilashi a nan Zariya suna yawan kawo kuka iri ɗaya, wai kifi yana lafiya lau wata biyu wata uku, sai rana ɗaya a wayi gari ya taso sama yana haki, launinsa ya dusashe, kafin yamma ya mutu, alhali ruwan garau yake kamar a sha. To yawanci ba cuta ba ce, ruwan ne ya juya.

Ana auna tsamin ruwa da abin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da haka tsami ne. Akwai kuma awo na biyu, KH, shi ne yawan sinadarin farar ƙasa da ya narke a ruwan, kuma shi ke tare tsami. Mu nan ƙasarmu a kan dutse mai tauri take irin na Kufena, ba ya narkewa ya ba ruwa wannan sinadari sosai, shi ya sa rijiyoyi da burtsatse da yawa ruwansu mai laushi ne, za ka ga sabulu kaɗan ya yi kumfa tuli. Ruwan sama da ake tara a damina ya fi ma, pH ɗinsa wajen 5.6 ne kuma kusan babu KH a ciki.

Ga abin da ke faruwa a tankin. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin soson filta, wato matatar ruwan tankin, suna cinye ta, amma wajen aikin nan suna fitar da tsami kullum, tsamin yana cin KH a hankali, ranar da ya ƙare kuwa sai pH ya rufto gaba ɗaya, idan ya kai wajen 6 su kansu ƙwayoyin sun kusa daina aiki, amoniya ta fara taruwa. A nan mutane ke yin kuskure, a ruɗe sai su kwashe ruwan duka su zuba sabo ko su watsa hoda da yawa. Amoniya ta fi guba idan pH ya hau, wato ka ɗaga shi lokaci guda ka ƙarasa kifin da hannunka.

Magani mai sauƙi yana shagon abincin kaji, ku nemi dakakken ɓawon kawa da ake ba kaji masu ƙwai, ko tsakuwar farar ƙasa. A wanke sosai sai ruwan ya daina fari, a ƙulle kamar cikin tafin hannu ɗaya a tsohuwar safa mai tsabta, a sa cikin filta inda ruwa ke bi. Idan tsami ya ƙaru yana narkewa da sauri, idan ya ragu sai ya lafa, ni dai shi na fi so ga mai koyo don da wuya ya wuce gona da iri. In kana shakkar dutsen da aka sayar maka, ɗiga masa ruwan lemon tsami, ka ga ƙananan kumfa suna tasowa to zai yi aiki, in ya yi shiru dutsen ado ne kawai.

Bakin soda na girki ma yana yi, giram 3 a lita 100 yana ɗaga KH da kusan digiri 1, da digiri ake auna KH. A narkar a kofi tukuna, a zuba kaɗan kaɗan, kada a wuce haka a rana, har a kai digiri 3 zuwa 4. Kanwa da toka kuwa a'a, don Allah ku bar su a kicin, ƙarfinsu ba ya aunuwa. Haka ruwan da aka sa wa alam don ya kwanta, alam yana cin KH, ku tambayi mai ga-ruwa kafin ku saya.

Duk mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, na famfo a bar shi ya kwana a buɗe ko a sa maganin kulorin. Da hunturu ruwa yana ƙafewa da sauri, cike gurbin ba canji ba ne fa, dattin yana nan. Abinci kuma daidai wanda za su cinye cikin minti biyu.

Wani abu, ba kowane kifi ke son a taurara masa ruwa ba. Tetra da enjel asalinsu kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka, ruwa mai laushi ya yi musu, gofi da moli su ne masu son mai tauri. Wanda zai fara saye, ya fara auna ruwan gidansa sannan ya zaɓi kifi.

Aikin gida: kowa ya ɗebo ruwan gidansa a kwalba biyu, ɗaya a sa ɓawon kawa cokali ɗaya, ɗayar a bar ta haka. Ku rubuta ranar a jikin kwalba, ku zo da su mako mai zuwa mu auna da takardar gwaji a aji.