Yadda za ka zaɓi silindar nutso ta alminiyom da bawul ɗinta

Masu nutso a ruwan Yauri, musamman masu aikin ceto idan jirgi ya kife, ku bi waɗannan matakai kafin ku biya kuɗin silinda (tulun iskar shaƙa a ƙarƙashin ruwa) ta gwanjo.

1. Karanta rubutun da ke kafaɗarta. Wadda aka fi samu ita ce AL80, mai cin lita 11 da matsin bar 207 (bar ma'aunin matsin iska ne).

2. Nemi tambarin gwajin matsi na ƙarshe. Ƙa'idar Amurka duk shekara 5 ce, sai leƙa cikinta kowace shekara.

3. Idan ta kamfanin Luxfer ce da aka ƙera kafin tsakiyar 1988, ni dai shawarata ka haƙura. Alminiyom ɗin lokacin, samfurin 6351, yana tsagewa a wuya.

4. Sai bawul. Na yoke, maƙala masa ragileta (na'urar da ke rage matsin iskar don ka shaƙa) ake yi a ɗaure, iyakarsa bar 232. Na DIN kuwa murɗa ragiletar ake yi ta shige ciki, robar da ke hana iska yoyo ta ɓuya, shi ya sa na fi natsuwa da shi. Akwai mai karɓar duka biyun.

5. A nan rai yake: haƙoran wuyan silinda da aka fi samu iri biyu ne, inci 3/4 na Amurka da M25 na Turai. Bawul ɗin M25 zai murɗu a wuyan Amurka kamar ya zauna, amma ana cika iska yana iya fizgewa ya kashe mutum. Kada ka gauraya su, ko mai sayarwa ya rantse.

6. Alminiyom kan taso sama idan iska ta kusa ƙarewa, don haka ƙara nauyin kilo 2 a ɗamararka.