Idan magani ya ƙi jinin mutum: kurakuran da ke kai fata ga saɓulewa

Mutum biyu za su sha Septrin daga kwali ɗaya. Wannan ya warke, wancan kuwa bayan kwana 10 leɓɓansa su farfashe, idanu su kaɗa, fata ta kama saɓulewa kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Nan da nan sai a ce jabun magani ne ko sammu, alhali garkuwar jikinsa ce ta yi wa maganin bore, kuma gado na iya taka rawa a ciki.

Garkuwar jiki tana da wasu alamomi da ake kira HLA, waɗanda mutum ke gada daga uwa da uba. Aikinsu su nuna wa fararen ƙwayoyin jini abin da ke baƙo a jiki. A jikin wasu, maganin kan manne wa alamar, sai ƙwayoyin su ɗauki fatar mai su a matsayin abokiyar gaba su far mata. A 2004 aka gano a Taiwan cewa HLA-B*15:02 na haɗa mutum da wannan masifa idan ya sha carbamazepine, maganin farfaɗiya. HLA-B*58:01, wanda ake samu a baƙar fata ma, shi ke da alaƙa da allopurinol na ciwon gaɓɓai, HLA-B*57:01 kuma da wani nau'in borin jini daban da abacavir na ƙanjamau ke jawowa.

Babban kuskure shi ne zargin maganin da aka sha jiya. Borin jini na gaggawa, mai kumbura fuska da toshe numfashi, cikin mintuna yake zuwa. Mai saɓule fata kuwa, da likitoci ke kira Stevens-Johnson, yakan ɗauki kwana 4 zuwa 28 kafin ya fito. Yana farawa da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da raɗaɗin ido, sai a ce zazzaɓin sauro ne ko ƙyanda, a je kemis a karɓo haɗi, a kuma ci gaba da shan ainihin mai laifin. Gyaran shi ne a tattaro duk maganin da aka fara cikin mako 8 da suka wuce, da kwalayensu, a kai wa likita. Nan haɗin kemis yake cutarwa ƙwarai: ƙwayoyi biyar a ƙulle a leda babu suna, wa zai gane wadda ta yi ɓarnar?

Sai jinkiri. Ƙuraje masu zafi tare da zazzaɓi da gyambon baki, ido ko gaba ba na Piriton ba ne. A dakatar da maganin, a nufi babban asibiti ranar, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Mai farfaɗiya da mai ƙanjamau kada su zauna a gida babu magani, likita zai sauya musu wani. Idan saɓulewar ta haura kashi 30 cikin 100 na fata, kusan ɗaya cikin uku ba ya tashi. Kada a shafa toka, man shanu ko garin kafso a kan gyambon, ƙwayoyin cuta ake buɗe wa ƙofa. A nemi likitan ido tun ranar farko, don tabon da ke makantarwa da wuri yake kamawa.

Wanda ya tsira kuma sai ya ce bari ya gwada rabin ƙwaya. Garkuwar jiki ba ta mantuwa, karo na biyu ya fi sauri, ya fi muni. Sauya suna ma ba ya tsirarwa: Septrin da Fansidar dangin sulfa ne duka, haka magungunan farfaɗiya carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, wanda ɗaya ya ƙi jininsa sauran ma kan iya tayar masa da ciwon. A rubuta ainihin sunan maganin a kati, ya zauna a aljihu, a nuna shi a kowane asibiti da kemis, musamman wurin awon ciki inda ake ba mata Fansidar. A shaida wa 'ya'ya da 'yan uwa na jini su faɗa wa likita kafin a rubuta musu irinsa, sannan a kai rahoto ga NAFDAC ta manhajar Med Safety.