Darasi na 9: Zuwan Farko Kasuwar Kurmi

Kasuwar Kurmi tana cikin birnin Kano, kusa da Jakara. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta matsattsu ne, kuma sun yi kama da juna, baƙo kan ɓata a ciki. Kafin ku shiga, ku dubi allon shagon da ke bakin hanya, ku kwafi sunansa a littafinku. Ko harufa huɗu kuka iya kwafa, sun isa ku yi tambaya da su.

Aiki na farko: tun a gida, ku rubuta abin da za ku saya, kowanne a layinsa. Citta, kanwa, barkono, daddawa. In rubutun ya karkace, ba komai, ku ne za ku karanta.

Aiki na biyu: ciniki. Wannan kun fi ni iyawa. Ku yi sallama, ku taya. In mai kaya ya ce "albarka", bai sayar ba, sai ku ƙara. In ya ce "na sallama", to ku dakata, kada hannu ya tafi aljihu tukuna. Ku rubuta kuɗin.

Nan ne ake faɗuwa, wajen sifiri. Sifiri shi ne ɗan da'irar nan mai kama da ƙwai: 0.

50, sifiri ɗaya, hamsin.
500, sifiri biyu, ɗari biyar.
5000, sifiri uku, dubu biyar.

Ku ɗora yatsa a kan kowane sifiri, ku ƙirga da baki. Ɗaya. Biyu. Ku sake. Baba, ka sake, ba kunya a neman ilimi. Inna, madalla, haka ake yi, ki ƙara sau ɗaya.

Yanzu ku fito da takardar kuɗi. Wasu kan ce da launi suke ganewa. A 2022 an sauya launin 200 da 500 da 1000, ga tsofaffi ga sababbi suna yawo tare, to wane launin za ku bi? Wanda ya yi makarantar allo ya duba, akwai ajami a jikin ukun nan. Duk da haka a ƙirga sifiri.

Na faɗa a aji, na kuma faɗa, amma har yanzu akwai masu rubuta 50 alhali 500 suka biya, su koma gida suna cewa an cuce su. Ba wanda ya cuce ku, gaggawa ce. Me ake ci na zuba? Yatsa a kan sifiri!

Aiki na uku: canji. Kun sayi citta ta 300, kun ba da 500. Nawa za a dawo muku? Ku rubuta, ku ƙirga sifirin.

Aiki na huɗu: ku nemi gyara.

Aiki na biyar: ku duba littafi, ku fita ta inda kuka shigo.