Yadda ake zagaya Bologna a ga abubuwan da ta ɓoye

Yawancin baƙin da ke zuwa Bologna, a arewacin Italiya, dandalin Piazza Maggiore kawai suke tsayawa su ɗauki hoto, su ci taliya, su koma tashar jirgin ƙasa. Wannan asarar kuɗin tikiti ne. Ka ware wa garin yini guda cur, ka sa takalmin da ba ya matse ƙafa, kada ka shiga mota a cikin gari.

Fara da ɗaga kai. Rumfunan ginin da ke bin gefen tituna sun kai kusan kilomita 40 a tsakiyar gari kaɗai. Asalinsu ƙarancin masauki ne: jami'ar garin, wadda ake lissafin kafuwarta daga 1088, ta jawo ɗalibai, masu gidaje suka riƙa faɗaɗa bene zuwa kan titi suna tokare shi da itace. A 1288 hukuma ta mayar da yin rumfar dole. Je Casa Isolani a titin Strada Maggiore ka ga irin ta da, ginshiƙan itace masu tsawon kusan mita 9 ɗauke da bene.

Mataki na biyu shi ne wanda ke kayar da mutane. A daɓen cocin San Petronio, da ke bakin dandalin Piazza Maggiore, akwai layin tagulla mai tsawon mita 66.8, wanda masanin taurari Cassini ya tsara a 1655. Can sama a rufin, kimanin mita 27 daga ƙasa, an huda ƙaramar kafa. Hasken rana na shigowa ta nan ya sauka a daɓe, ya yi ta rarrafe har ya ƙetare layin daidai lokacin da rana ta take tsaka. Sau nawa na ga mutane sun zo ƙarfe 12 daidai, sun tsaya minti biyar, sun tafi suna cewa ba komai! Layin bai san agogo ba, rana yake bi. A watan Yuli, saboda sa'a ɗayar da Turai ke ƙarawa a agogo, sai wajen 1:20 hasken ke isowa. A Fabrairu wajen 12:30, a farkon Nuwamba kuwa dab da 12.

Hanya mafi sauƙi: buɗe manhajar lokutan salla a wayarka, ka saita ta a Bologna, ka duba shigar azahar. Zawali ke nan. Ka isa minti ashirin kafin lokacin, ka kuma tabbatar da lokacin rufe ƙofar cocin tun da safe. Lokacin zafi nemi hasken kusa da ƙasan kafar, ƙarami, kusan da'ira. Lokacin sanyi yana can ƙarshen layin, ya miƙe dogo. Ranar hadari kada ka wahalar da kanka.

Daga nan tsallaka dandalin zuwa ƙarƙashin Palazzo del Podestà, inda hanyoyi biyu suka gicce a ƙarƙashin rufi mai lanƙwasa irin bakan gizon sorayenmu. Fuskanci kusurwa ɗaya, abokin tafiyarka ya fuskanci wadda ke kallonta a karkace, ku yi raɗa. Muryar za ta bi rufin ta zo kunnenka. Bango za ka fuskanta, ba mutumin ba. Kyauta ne.

Sai titin Via Piella. A jikin bango akwai 'yar taga, leƙa ka ga ruwa na gudu tsakanin gidaje, ragowar magudanan da suka juya injinan siliki kafin a rufe yawancinsu. Da sassafe babu layi. Wajen Oktoba akan tsayar da ruwan don gyara.

Shahararrun hasumiyoyin garin guda biyu, Asinelli mai mita 97 da Garisenda da ta karkace, an killace kewayensu tun 2023 don tsoron faɗuwar Garisenda, saboda haka bincika kafin ka sa ran hawa. In ƙafa ta saura da ƙarfi, bi rumfar San Luca da yamma, kilomita 3.8 har cocin San Luca da ke kan dutse. Riƙe ruwan sha, hawan na farawa ne daga ƙofar Meloncello da ke gindin dutsen.