Yadda Ake Bin Salsalar Tsohon Furen Katiliya

Masu kiwon furanni a nan Sakkwato sun sha tambayata yadda za su gano iyayen tsohon irin Katiliya (Cattleya, wani furen ado daga dangin furannin okid) da suka samu. Ga matakan a jere.

1. Ka kwafi sunan da ke jikin tambarin tukunyar cikin littafi, harafi bayan harafi.

2. Ka sake rubuta tambarin da fensir, domin ranar Sakkwato tana cinye tawadar biro cikin 'yan watanni.

3. Ka ware sunan da ke tsakanin alamar zance guda-guda, domin sunan wannan tsiro ne kaɗai, ba na zuriyar ba, wato dukkan tsirran da suka fito daga haɗin iyaye biyu iri ɗaya.

4. Ka nemi sunan zuriyar a rajistar furannin okid ta duniya, wadda ƙungiyar masu aikin lambu ta Ingila, wato RHS, ke kula da ita a intanet.

Hattara: an sauya sunayen jinsuna da yawa, kuma tsiron da tsohon tambari ya kira Brassolaeliocattleya yana iya fitowa a matsayin Rhyncholaeliocattleya, saboda haka kada ka yanke cewa babu shi.

5. Ka rubuta iyayen biyu yadda suka zo, uwa mai ɗaukar iri a farko. Misali, zuriyar Katiliya mai suna Bow Bells, wadda aka yi wa rajista a 1945, ta fito ne daga Edithiae da Suzanne Hye.

6. Ka maimaita binciken a kan kowanne cikin iyayen har ka kai ga irin daji.

7. Idan tambarin ya ɓace, ka rubuta cewa ba a san asalinsa ba. Raɗa masa suna saboda kamannin fure yana ɓata lissafin duk wanda ka ba wa reshe daga baya.